Hannun Inna da Goshin Matan Filinge

Filinge, 9 ga watan Maris 1956

Zuwa ga yayata Dijatu, a Zangon Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Tahiru da ɗiyarku Haske. Mu nan sai godiya. Geron bara bai ƙare a rumbu ba, Baba ya warke daga tarin da ya dame shi, matar ɗan'uwanmu Ali kuma ta sauka lafiya, an samu namiji.

Takardarki ta zo, na karanta wa Inna sau biyu. Kin ce gashin goshinki yana ta ja da baya, har ba ki iya cire kallabi a gaban mata, kuma kina zargin maƙwabciyarki ta tsinci gashin da kinka taje ta kai wa boka. Kin ce a aiko miki da laya. To Yaya, laya dai ba za ta zo ba. Ki yi haƙuri ki ji dalili, ko da yake za ki ce mi Kailu mai ƙwalƙwal ya sani game da kan mata.

Kin san shekara talatin ke nan ba a yi makitsiya kamar Inna ba a ƙasar Kurfai. Tun daga Sanam ake kawo mata amare. Kin kuma san kirarin da mata suke yi mata, wai kitson da bai hana mace kwanciya a kan gefenta kwana uku ba, ba na Inna ba ne. To, Salamatu matar marigayi Magagi, wadda goshinta ya fi naki tafiya, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma ba a taɓa kanta da tsinke ba. Ranar da ta fita takaba ta zo ta zauna gaban Inna. Da Inna ta kwance kallabin, sai ta ga ƙananan gashi sun tsiro a inda da babu komai, kamar gero bayan ruwan fari. Ba man da Salamatu ta shafa, ba rubutun da ta sha. Abin da ya canja kawai shi ne wata huɗu ba ta zo wurin Inna ba.

Wallahi da wata ce da ta haɗiye abin ta ci gaba da sana'arta, wa zai sani? Inna kuwa sai ta shiga duban kawunan mata, a rijiya, a kasuwa, a wurin daka. Ta ga waɗanda ba su fashin zuwa wurinta su ne goshinsu ya fi tafiya. Ta sa na raka ta wurin likita, ita da ba ta taɓa taka asibiti ba. Ya ce mata haka ne, jan kitso yana kashe saiwar gashi, in an daɗe ana yi ba ya dawowa. Ya ce akwai wanda yake zuba bayan haihuwa ko rashin jini, wannan yana dawowa in mace ta samu hanta da nono da ganye, ƙora kuma, ciwon nan na fatar kai, sai a zo ya duba.

Ranar sunan ɗan Ali, gida cike da mata, Inna ta miƙe ta faɗa musu cewa ba maita ba ce take cin goshinsu, hannunta ne, kuma daga ranar ba za ta ƙara ja wa kowa kai ba. Ina zaure, na ji ta da kunnena. Ban taɓa jin girman uwata a raina kamar ranar nan ba, sai da na share hawaye a gaban maza.

Amma gaskiya ɗaci gare ta. Wasu sunka ce tsufa ne ya kashe mata hannu, take neman abin fakewa. Sunka koma wurin wata yarinya da take ja har ido ya ɗage. Inna da ake kwana biyu ana jiran layinta kafin Sallah, yanzu mata shida ne sunka rage mata. Su shidan take yi wa manyan kalaba sakwa-sakwa, tana wanke musu da yoɗo, wato karkashi, tana shafa musu man shanu. Ta ce ke ma ki yi haka: ki kwance na kanki yau, ki bar shi ya huta wata huɗu, ki ci abinci sosai, ki je ki gaida maƙwabciyarki. Kan Haske kuma kada kowa ya ja shi.

Da na zo nan a rubutu, sai ta dafa mini hannu ta ce in sa maganarta yadda ta faɗe ta: “Dijatu, tun kina ɗiyar shekara biyar nake ja, kina kuka ina dungurinki. Ni na ci miki goshi. Ki yafe mini.” Kin san Inna, ko Baba bai taɓa jin wannan kalma daga bakinta ba.

Baba yana gaishe ku, Ali da matarsa suna gaishe ku, haka Gwaggo A'isa. Ki gaida Tahiru, ki gaida Baƙo da duk 'yan Kurfai da ke nan Zango. Don Allah kada amsarki ta daɗe. Duk ranar da motar wasiƙu ta zo daga Yamai, Inna za ta zauna a ƙofar gida har in dawo daga aiki, ba za ta tambaye ni komai ba, hannuna kawai za ta duba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenki,
Kailu