Ranar da Ruwa Ya Rufe Dutsen Wanki

Zuwa ga ɗana Yohanna,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinka da karatu? Yaya kawunka da iyalinsa a Makurɗi? Muna lafiya, sai dai baƙin ciki.

Bitrus ɗan gwaggonka ya rasu, ranar Asabar muka binne shi a Madakiya. Ka san dutsen wanki na rafi, wanda in ruwa ya rufe shi ba mai shiga. Ranar Laraba ruwa ya rufe shi, ko da yake ko yayyafi ba mu gani ba, a kan duwatsu aka yi ruwan. Bitrus ya zo zai shiga rafin, wata tsohuwa ta ce masa, "Ɗana, dubi dutse." Ya yi dariya, wai camfi ne, shi ɗan aji uku ne kuma ya iya iyo. Ya shiga, ruwa ya tafi da shi, sai bayan kwana biyu aka sami gawarsa.

Ba camfi ba ne, ma'auni ne. Ni ma na yi makaranta, ban taɓa raina dutsen nan ba.

Kawunka ya rubuto cewa kana bin abokai wanka a kogin Binuwai. Can babu dutsen wanki, babu tsohuwar da ta san ka. Na hana ka, kada in sake ji.

Ka sa gwaggonka a addu'a, har yau ba ta cin abinci. Ka gai da mutanen gida.

Mahaifiyarka,
Rifkatu