Agogon Da Ya Mai Da Ni Ɓarawon Riɗi

Zuwa ga Mai Girma Manajan Darakta,
Kamfanin sayen riɗi mai reshe a kan hanyar Makurdi, Lafia,
Babban Ofishi, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, da fatan kana lafiya tare da iyali, da fatan aiki yana tafiya yadda ake so.

Sunana Yakubu. Ni ne sitokifan reshenku na Lafia na tsawon shekara goma sha ɗaya, kuma ni ne wanda yau yake kan beli bisa tuhumar satar buhun riɗi arba'in daga siton da nake tsaro. Sau biyu na rubuto maka ta hannun manajan reshe, ban ji ko tari ba. Shi ya sa na kawo maganar jarida. Ba don in tona wa kamfani asiri ba, don ni ma a cikinsa na ci na sha. Na yi ne don lokaci ya ƙure mini, kuma ban san wata ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

1. Yadda muke kafin a kawo gyara

A ɗan ɗakin da ke bayan ofishin akanta akwai manyan kwamfutoci huɗu, waɗanda ma'aikata ke kira saba. Kowacce da aikinta: ɗaya ta lissafi, ɗaya ta sikelin awon motoci, ɗaya ta saƙonni, ɗaya kuma ta ƙofar sito. Ƙofar nan da kati ake buɗe ta. Kati ɗaya ne tak. Da safe in karɓe shi a ofishin manaja, da yamma in mayar kafin in tashi. Duk sanda aka buɗe ƙofa, kwamfutar takan rubuta lokacin. Kwamfutocin tsofaffi ne, suna da ƙara kamar injin markaɗe, kuma suna shan wuta. Amma ko an kashe su kwana biyu, idan aka kunna sukan tashi da sanin ƙarfe nawa ne, domin kowacce tana da ɗan batirin agogonta a ciki.

2. Shirin da aka yi ba tare da mu ba

Gab da kakar riɗin bara kuka turo 'yan kwangila daga Abuja. Suka tara mu, suka yi mana bayani da wata doguwar kalmar Turanci da har yau harshena bai iya ba. Abin da na fahimta shi ne, za a kwashe kwamfutoci huɗun nan a zuba su cikin babba guda ɗaya, kowacce ta zama kamar ɗaki a cikin gida ɗaya. A fuskar allo za ka ga huɗu, amma a ƙasa akwati ɗaya ne. Aka ce za a rage shan dizal, a rage zafi, a rage kuɗin gyara. Ni ban ƙi wannan ba, kuma har yanzu ban ce dabarar ba ta da kyau ba. Wanda ya sani ya ce tana aiki a wurare da yawa.

Abin da nake kuka da shi shi ne shirin. An zauna a Abuja, inda wuta ba ta yankewa a ofishinku, aka tsara wa Lafia. Ba wanda ya tambayi Oga Tersoo, mai kula da janaretanmu, awa nawa yake kashe inji a yini. Ba wanda ya tambaye ni yadda kati yake yawo. Madam Ladi, ma'aikaciyarku mai kula da kwamfutoci a reshe, ta ɗaga hannu a wurin taron ta ce, "Oga, wuta na nan ba kamar na Abuja ba ne fa. Idan gen ya mutu, wannan abu zai yi yaya?" Aka ce mata an tanadi batiri, kuma na'urar tana da wayo: idan ta ji wuta ta tafi, takan kwantar da ɗakunan nan huɗu su yi barci, in wuta ta dawo ta tashe su daga inda suka tsaya. Kowa ya tafa. Aka kwashe tsofaffin aka rabar, aka riƙe babbar lambar sirrin na'urar a Abuja, aka bar wa Madam Ladi ƙaramar da ba ta wuce shiga ɗakunan ba.

Kuma da yake an sayar wa manajanmu da abin a kan cewa zai rage dizal, sai ya ɗauki maganar da gaske fiye da kowa. Da ma akan kashe inji awa ɗaya da rana. Bayan gyara sai ya zama duk sanda babu mota a kan sikeli, a kashe.

3. Agogon da kowa ya sani

"Daga inda suka tsaya" ɗin nan, ranka ya daɗe, har da agogo. Idan aka kashe inji da ƙarfe ɗaya aka kunna da ƙarfe uku, ɗakin ƙofar sito yakan farka yana cewa ƙarfe ɗaya ne, ya ci gaba da ƙirga daga nan. An ce akwai abin da ya kamata a sa don ya riƙa daidaita kansa da agogon babbar na'urar, amma ba a sa ba. Ko mantuwa ce, ko gaggawar komawa Abuja, Allah masani.

Wannan ba sirri ba ne. Takardar awo takan fito da la'asar tana cewa hantsi ne. Direbobin da ke kawo kaya daga Agyaragu da Obi har tsokanarmu suke yi. Akwai wani direban tirela mai suna Bature, da kullum in ya karɓi takardarsa sai ya ce, "Kamfanin nan ku dai ba ku tsufa, kullum da safe kuke." Manaja da kansa ya sha yin dariyar abin. Madam Ladi ta rubuta wa 'yan kwangila, suka ce za su duba a zagaye na biyu na aikin. Sai ta koma gyara agogon da hannu kowace safiya kafin a buɗe sito. Haka muka yi ta lallaɓawa, kamar mai tafiya da takalmin da ya tsinke.

4. Ranar da abin ya faru

Wata Juma'a ce a tsakiyar kaka, sito cike. Madam Ladi ta gyara agogo da safe, ta wuce ƙauyensu jana'izar mahaifinta. Kafin mu tafi masallaci dizal ya ƙare, aka kashe inji. Ba a samo mai ba sai bayan magariba, lokacin da ake buƙatar fitilun tsaro. Duk tsawon yammacin nan babu wuta, kuma idan na'urar tana barci ƙofar sito ba ta buɗuwa ko da katin waye. Motoci biyu ma sun juya saboda haka. Na zauna a ƙarƙashin mangwaro har lokacin tashi, na mayar da kati ofishin manaja kamar kullum, na hau babur ɗina na tafi gida Azuba.

Ran Litinin aka ƙirga, babu buhu arba'in. Aka buga takardar ƙofa, ta nuna an buɗe sito ranar Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma. Da ƙarfe huɗu kati yana aljihuna. Shi ke nan, an gama bincike. Kafin azahar ina bayan kanta.

Ranka ya daɗe, ka yi lissafin da kanka. Agogon da ya kwanta tun kafin sallar Juma'a ya farka bayan magariba yana cewa azahar ce, in ya ce ƙarfe huɗu, ai dare ya yi ke nan. A lokacin ina gidana, kati kuma yana inda na ajiye shi. Ban ce wane ne ya ɗauka ba, domin ban gani ba, kuma ba zan yi wa wani abin da aka yi mini ba. Amma Hausawa sun ce in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sahu. Oga Tersoo ya faɗa wa ɗan sandan da ke bincike, "Oga, dizal babu, wuta babu, ƙofa zai buɗe da menene?" Aka ce masa shi aikinsa inji ne, ba kwamfuta ba. Manaja, wanda ya fi kowa dariyar agogon nan, ya rubuta a bayaninsa cewa kwamfuta ba ta ƙarya. Wannan jimlar ta fi kwanan da na yi a kan siminti yi mini ciwo.

5. Halin da nake ciki

Mako guda na yi a tsare kafin yayana ya tsaya mini. An kore ni ba tare da an ji ta bakina ba. Na nemi aikin gadi a wani injin casar shinkafa, mai wurin ya san ni, ya kuma san mahaifina, amma ya sunkuyar da kai ya ce in bari a gama shari'a tukuna. A masallacin unguwarmu ni ke riƙe da makullin ɗakin ajiya shekara da shekaru. Ba wanda ya ce mini ɓarawo. Sai dai wata rana liman ya ce in ba Malam Sule makullin don in samu sukunin zuwa kotu. Na ba shi, na gode masa, na koma gida na rufe ɗaki na yi kuka kamar yaro. Matata Hajara ta daina kai masar da take sayarwa tasha, domin ta gaji da tambayar ko da man riɗi take suya. Shekarata hamsin da biyu, ina da ciwon suga. Lauyan da ke taimaka mini bai ɓoye mini ba: idan takardar nan ta tsaya a matsayin shaida, ɗauri ne.

6. Abin da ya sa na ce lokaci ya ƙure

Madam Ladi, wadda kuka mayar reshen Makurdi bayan ta ce za ta yi magana, ta shaida mini cewa babbar na'urar tana da nata agogon wanda bai taɓa tsayawa ba, kuma tana rubuta duk sanda ta kwantar da ɗakunan da sanda ta tashe su. Wannan bayanin yana ciki har yanzu. Zai nuna cewa da ƙarfe huɗun ranar Juma'ar nan ɗakin ƙofa barci yake yi. Amma ba ya buɗuwa sai da lambar da ke hannun 'yan kwangila, su kuma ba su da sha'awar buɗe abin da zai nuna aikinsu bai cika ba.

Yanzu kuma labari ya iso mini cewa zagaye na biyu na aikin ya zo. A ƙarshen watan nan za a goge na'urar gaba ɗaya, a sake zuba komai sabo, a gyara agogo, sannan a kai irin wannan tsarin sauran rassa. Zamana na gaba a kotu sai wata mai zuwa ne. Ban ce da gangan aka tsara haka ba. Amma ko da gangan ko da kuskure, sakamakon a wuyana ɗaya ne.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon waɗannan:

Na farko, ka ba da umarni a rubuce kada a taɓa na'urar reshen Lafia har sai kotu ta gani.

Na biyu, a karɓi lambar sirrin daga 'yan kwangila, a buɗe bayanin a gaban lauyan kamfani, da nawa, da wani masani da ba ya cin abinci a hannun kowa a cikinmu. Idan ya nuna da wuta a yammacin nan, na yarda a ɗaure ni, kuma ba zan ɗaukaka ƙara ba.

Na uku, a bar Madam Ladi da Oga Tersoo su ba da shaida ba tare da tsoron rasa aikinsu ba. Dukansu suna da 'ya'ya.

Na huɗu, kafin a kai wannan tsari wani reshe, a je can a zauna da mai janareta da sitokifa da mai awo, a tambaye su yadda wuta da kati da aiki suke tafiya a wurinsu. Mu nan ƙasar mun fi kowa sanin cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Akwai wani sitokifan a wani reshen da yanzu haka yake mayar da kati da yamma yana zaton ya sauke nauyi.

Ban roƙi a mayar da ni aiki ba, ban kuma roƙi diyya ba. Shekara goma sha ɗaya ina rubuto takardar neman a gyara rufin da ke yoyo, a gyara sikeli, a gyara kwan fitila. Yau ga ni ina roƙon ka bar abin da ya lalace a lalacensa na 'yan makonni, domin lalacewar nan ita kaɗai ce shaidar da ta rage mini. Ranar da agogon nan ya fara faɗin gaskiya, ranar na zama ɓarawo har abada, ni da 'ya'yana da za su ɗauki sunana.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci kamfani da dukiyarsa, ya bayyana wanda ya ɗauki riɗin nan. Allah ya tsare ka da zuriyarka daga ranar da za ku faɗi gaskiya a ce takarda ta fi ku. Amin.

Ina jiran amsarka kafin ƙarshen wata.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Yakubu,
tsohon sitokifan reshen Lafia,
Azuba, Jihar Nasarawa.