Ni Na Sa Aka Goge Zauren Kawu

Anti, ki taimake ni, kwana goma ke nan na kasa haɗa ido da kawuna.

Ina cikin 'yan sa-kai masu gyara wani kundin ilimi na intanet. A watan jiya aka yi mahawara kan wani shafi, a bar shi ko a goge. Shafin na tsohon zauren hira ne da Kawu ya buɗe tun intanet na tafiyar hawainiya, a shagonsa mai kwamfuta shida da fanka ɗaya. Ƙa'idarsu, baƙo ba ya samun amsar sallama sai ya ƙara jimla ɗaya a wani dogon labari. Shekara bakwai ana jan labarin nan, Kawu yana bugawa a takarda yana tarawa a kwali. Ni ma a can na koyi kunna kwamfuta.

Dokarmu ita ce, abin da jarida ko littafi bai rubuta ba, ba ya shiga. Na nema, ko layi ɗaya ban samu ba. Kan 'yan sa-kai ya rabu, ra'ayina ya rinjaya, da sunan ɓoye, aka goge shafin. Har na rubuta wai zauren ba shi da wani muhimmanci. Wallahi maganar nan tana cina.

Ashe 'yarsa ce ta rubuta shafin, tana karanta masa a gadon jinya. Yanzu ya ce in nemo masa wanda ya goge, tunda ni na san kan abin.

Mai nadama

Ɗana, dokarku ba ta yi laifi ba. In kowa ya cusa abin da yake ƙauna, kundin ya zama tatsuniya. Kuskurenka biyu ne: ka yanke hukunci kan abin gidanku maimakon ka janye, sannan ka kira rashin shaida rashin muhimmanci. Mutanen da suka shekara bakwai suna jan labari ɗaya ba wasa suka yi ba, marubuci suka rasa.

Ɗauko kwalin nan kafin gara ta riga ka. Kai da 'yarsa ku ɗauki muryar Kawu, ku kai wa ɗan jarida ko mai bincike. In an wallafa, wani edita ya sake duba shafin, ba kai ba. Ko bai dawo ba, tarihin ya tsira.

Amma ka san ƙa'idar zaurensa. Kafin ya amsa maka sallama, akwai jimla ɗaya a kanka: Kawu, ni ne. Faɗe ta tun yana ji.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya zuciyarka.