Bindigar Surukina da Tambarin Gidanmu

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku saurare ni kafin ku yanke mini hukunci, ni kaina ban ji daɗin kaina ba.

Ni jikan maƙera ne daga Lausu. Sana'ata duba tsofaffin bindigogi ga masu tara kayan tarihi, in faɗa musu inda aka ƙera su. Surukina, wani dattijo a Tarai, yana da ƙaramar bindiga mai ƙanƙara, irin wadda ake ɗurawa ta baki. Alfaharin gidansu ke nan: wai kakansa ya ƙwace ta daga hannun Bature a shekarun da Turawa suka shigo. Da wani mai tara kaya da ke son sayenta ya nemi shaidar asalinta, sai surukin nawa ya kira ni. Na kwance bututun na duba. Babu hatimin Turawa ko ɗaya, sai wata alama kamar sawun kaza a ƙasan ƙarfen. Tambarin maƙerarmu ne, yana nan a tsohuwar wuƙar mahaifiyata. Tun muna yara take ba mu labarin kakanta da ya tafi kasuwar Kibiya a waɗancan shekarun da bindigar da ya ƙera, aka tsinci gawarsa a hanya, babu bindigar.

Surukina ya ce, "Yaya dai, Malam? Ta Bature ce ko?" 'Ya'yansa sun zuba mini ido, matata na bayan ƙofa tana murmushi. Wallahi bakina ya ce, "Ƙwarai kuwa, Baba." Murna ta sa ya fasa sayarwa, ya ce ta jikansa ce, wato ɗana.

Kunya ta ishe ni. Na san wataƙila saya kakan nasa ya yi, to in haka ne me ya kawo Bature cikin zancen? In tona wa dattijo mai ciwon zuciya asiri a kan matattu? In yi shiru ɗana ya girma yana taƙama da ita?

Jiya mahaifiyata ta ce, "Ashe an yi wa maigidana kyauta? Ku kawo mini bindigar ranar Juma'a in sa albarka." Idonta ya yi rauni, amma da yatsa take gane alamar nan.

Jama'a, me zan yi?