Tagwaye a Fata Ɗaya

Sevran, watan Maris 1986

Zuwa ga yayana Malam Illiassou, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Mariama da yara, Allah ya sauwaƙe maka ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya ƙi tafiya. Youssouf ya fara rarrafe, babu abin da ya tsira a ɗakina.

Saƙonka ya iso, cewa in je Lyon in tattaro 'yarka Husainatu in sa ta a jirgi, don Ɗan Juma ya dawo gida yana bazawa wai ta zama gardiya, tana wasa da macizai, wai abin tagwaye ne ya motsa mata. Yaya, kai ma ka san bakin Ɗan Juma. Na dai je da faɗana a baki, ni da ko igiya na gani a ƙasa sai na yi tsalle.

Ba wasa take ba, karatu take. A jami'arsu ta Villeurbanne, nan gefen Lyon, ta shigar da ni wani ɗaki mai ɗumi, ga akwatunan gilashi a jere, ita kuma da farar riga da ɗankwalinta. Macizan ba su da dafi, a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe su. Ta nuna mini wata da ta ɗaure wa mai ita kai har ya kawo musu: gefe guda ja da baƙi, ɗaya gefen fari da ruwan goro, kamar an haɗa zane biyu an ɗinke. Ta ce launi gado ne daga iyaye, kowane ɗa da nasa. Amma wani lokaci 'ya'ya biyu ke farawa a ƙwai ɗaya, tun ba su kai ƙwayar gero ba sai su haɗe su zama jiki guda, kowa ya riƙe launinsa. Wani lokaci kuma ɗa ɗaya ne, gadon ya sauya a wani sashen jikinsa. Aikinta shi ne ta gano wanne ne ya faru. Malaminta, dattijo mai furfura, yana tsaye yana saurarenta yana gyaɗa kai. Wallahi sai na ji kaina ya yi girma.

Na tambaye ta ko macijiyar na da suna. Ta ce su lamba suka ba ta, amma ita Hassana take ce mata. Ta ce tun tana ƙarama duk wanda ya ji sunanta sai ya tambayi Hassanarta, ita kuma sai ta ce ta rasu tun suna goye. Waɗannan biyun na jikin macijiyar kuwa, in ji ta, ba su rabu ba. Ban san lokacin da na miƙa hannu na shafa abar nan ba, ina hawaye.

Yaya, shekara ɗaya ta rage mata. Ka bar ta ta ƙarasa, don Allah.

Ka gaishe mini da Yaya Mariama, ka karanta mata wannan a hankali. Ka gaida Sabo da Inna Zainabu. Husainatu na durƙusawa tana gaishe ka, ta ce in ka ce ta dawo, gobe za ta haɗa kaya. Ni ce na hana ta, sai na ji daga gare ka.

Ƙanwarka,
Hassia