Hotonka na Tashar Nguru Ba Zai Hau Wannan Jirgin Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan kana cikin ni'ima a makwancinka. Ɗanka Habibu ne, daga unguwar Mansur a nan Makka, inda har yanzu nake gyaran na'urar sanyaya ɗaki a gidajen mutane. Iyali duk lafiya. Inna ma tana Kano lafiya, sai ciwon gwiwa.

Baba, mun ɓata da Yaya Sani, kuma a kanka ne. Na san 'yan zaurenmu na waya za su karanta wannan wasiƙa. Su karanta.

Akwai mu 'ya'yan ma'aikatan reluwe a nan Mansur. Duk Juma'a bayan la'asar muna haɗuwa a wani shagon shayi, ba mu da hira sai ta jirgi, kuma muna da zaure a waya da ya haɗa mu da irinmu na gida. Babbanmu shi ne Malam Ilu, mutumin Kauran Namoda, wanda ya zo aikin hajji yana saurayi bai koma ba. Da aka buɗe sabon jirgin Makka zuwa Madina, ya je ya hango shi daga nesa, ya dawo ya ce mana abin fari fat kamar firiji, ko fuska ba shi da ita.

A wannan zauren aka turo bidiyon. Wani attajiri a gida ya samo tsofaffin taragun da tsatsa ke ci, ya gyara su, ya sa aka yi musu fentin zamaninku, kore da ratsin ruwan ɗorawa. Ciki kuwa darduma ce da tebura masu farin ƙyalle. Shatar jirgin ake ɗauka, don biki ko don manyan baƙi.

Zaure ya kaure da musu. Wani ya ce koren ya cika duhu, na asali ya fi haske. Wani ya ce ratsin ya kamata ya bi ta ƙarƙashin tagogi. Wani ya ce launin Turawa ne, a bar shi ya mutu. Malam Ilu kuwa kallo ya yi ta yi yana maimaitawa, ya share ido da gefen rawaninsa, ya ce, "Wallahi ya shaikh, ƙuruciyata na gani tana tafiya a kan dogo." Ni ma ina gani na gane shi, Baba. Launin jirginka ne.

Amma koren da na sani bai taɓa yin ƙyalli haka ba. Na tuna kana ɗora ni a kan jirgi idan an ba mu hutun makaranta, daga Kano mu nufi Nguru. Taragu cike da buhunan gero, da awaki a ɗaure, da mata masu kwandon busasshen kifi. Duk wanda ya jingina da jikin tarago sai ya tashi da tabo a riga.

Na tuna ranar da ka tsaya a Malam Madori lokacin tashi ya wuce, saboda ka hango wata tsohuwa tana gudu da ƙwarya a kai. Mai tuta yana ta ɗaga maka hannu, ka yi kamar ba ka gan shi ba har ta hau. Ka juyo ka ce mini, "Habibu, ba ƙarfe nake ja ba, abincin mutane nake ja."

Ana cikin musun fenti Yaya Sani ya kira ni yana murna. Ya ce mutanen attajirin suna neman hoton tsohon direba da za su kafa babba a taragon cin abinci, kuma naka suka zaɓa. Hoton nan na tashar Nguru, wanda kake tsaye da hularka, hannunka a kan ƙarfen matakala. Tun ranar da zan taho Inna ta saka mini shi a jaka. Yaya yana da wanda ya ɗauka da waya, shi ya nuna musu, amma sun ce sai na asalin zai fita da kyau. Ya ce ranar buɗewa za a gayyaci gidanmu, a kira sunanka a gaban manya.

Na amince, Baba. Har na nemo mai tafiya gida da zai kai. Sai Yaya ya turo mini samfurin da mai zanensu ya haɗa.

Sun wanke maka riga. Baƙin man da ke ƙirjinka ya tafi, ka fito kamar ango. Wannan na haɗiye. Amma tagar da ke bayanka, Baba, sun mayar da ita fanko. Matan nan uku da ke leƙowa da kwandunansu, an goge su tas. Ka fi kowa sanin ta tsakiyar, mai ɗaurin ɗankwali a karkace. Inna ce, tana budurwa, tana kai kifi Kano, a shekarar da ka fara yi mata magana.

Na kira Yaya na tambaye shi ko ya lura. Ya ce ya lura, amma mai zanen ya ce sun cika hoton da hayaniya, ba su dace da darajar wurin ba. Na ce ya gaya musu, ko su kafa shi yadda yake, da mai da kifi da Inna, ko su nemi wani direban. Suka ce ba zai yiwu ba. Na ce halas, magana ta ƙare.

Yaya ya ce na hana ka ɗaukakar da ba ka samu kana raye ba. A zaure wasu suka ce ina zaune a ƙasar mutane ina yi wa masu raya tarihi baƙin ciki. Malam Ilu ma ya kama hannuna ya ce in yi haƙuri, ko rabin abu ne a karɓa, tun da shi ba zai sake ganin koren nan da idonsa ba. Na ji tausayinsa har cikin raina, amma ban ba da ba. Mu da muka kwana muna faɗa a kan faɗin ratsin fenti, a goge mutum sukutum mu ce ba komai?

Abu ɗaya ya tsaya mini, kada in hana Inna hawa jirgin da ta daɗe tana kewa. Na kira ta na faɗa mata komai. Sai ta tambaye ni ko jirgin zai kai Nguru. Na ce a'a, fita yake yi bayan gari ya zagayo. Ta ce yana tsayawa a ɗauki mutane? Na ce sai wanda aka gayyata. Ta yi dariya ta ce, "To ai wannan lilo ne, Habibu. Riƙe hotonka."

An yi bikin buɗewar ba mu. Na ji sun kafa hoton kan jirgi shi kaɗai, ba kowa a jikinsa. Yaya Sani bai sake ɗaukar wayata ba.

Na san ba ka son ka ga 'ya'yanka a rabe, Baba. Ni ne ƙarami, ni zan bi shi. Idan na samu hutu zan je har ƙofar gidansa in durƙusa, in ba shi haƙurin muryar da na ɗaga masa. Haƙurin hoton kuwa ba zai ji shi daga bakina ba, ko da zai bar ni a tsugune har rana ta faɗi.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya sanyaya zuciyar Yaya, Ya haɗa mu da kai a gidan Aljanna.

Ɗanka mai kewarka,
Habibu
Mansur, Makka