Na Ambaci Sunan Yayana a Kan Dutse

Hajiya, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekarata goma sha shida. Daga Kucheri muka dawo Damba bayan 'yan bindiga sun tafi da yayana Buba da shanunmu. Har yau shiru. Ni dama ba mai magana ba ce, littattafan soyayya ne ƙawayena, don a cikinsu duk wanda ya tafi yana dawowa.

Akwai wata ƙungiya da ke kwasar 'yan mata ran Asabar, wata malama ce ke jagorantar mu. Mukan hau wani ɗan dutse a hanyar Bungudu, a ɗaure wa wata ido, wata ta ja ta. A sama sai mu zauna a zagaye, wadda aka miƙa wa tsakuwa ita ke da magana. Ni kullum miƙa ta gaba nake yi. Makon jiya wata yarinya, Wasila, ta ja ni ido a ɗaure, ba ta saki hannuna ba, sak yadda Buba ke tsallakar da ni rafi. Da tsakuwar ta zo hannuna, sai kawai na ji bakina ya faɗi sunansa. Na sha kuka, amma na sauko sakayau.

Wata ta kai zancen unguwa. Inna ta ce na tallata mu, ba ni ba dutse. Hajiya, Buba ɗan farinta ne, ko da yana nan ba ta kiran sunansa, kuma ban taɓa ganin hawayenta ba. Wani lokaci sai in ga kamar ni kaɗai na rasa shi. Asabar ce hawan ƙarshe. In saci jiki in tafi?

Mai Kewa, Damba

Amsa:

'Yata, kada ki saci jiki. Uwar da ɗanta ya fita bai dawo ba, ba a ɓace mata.

Kukanki ba laifi ba ne. Wadda ta fitar da zancen ita ta ci amana, ki sanar da malamarku. Sai dai Inna ba mantawa ta yi ba, kara ce ta ɗaure mata baki. Ke an miƙa miki tsakuwa, ita ba wanda ya miƙa mata.

Ki roƙi malamar ta zo gida ta gaishe ta, ta nema miki izini. In Inna ta ƙi, ki haƙura, dutse ba ya tafiya ko'ina. Ranar ki zauna kusa da ita kuna tsintar wake, ki ba ta labarin rafin nan. Ba sai kin ambaci suna ba, ta san wanda kike nufi.

Allah ya bayyana shi, ya sanyaya muku zuciya.